Mariƙin Tagar Ɗakin Mma

Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A wannan wata muna so mu ba ku labarin wani ɗan ƙarfe da tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, wanda ya hana mu barci har kwana 11 a gidanmu da ke Aboabo cikin Kumasi, ya kuma kusa shiga tsakaninmu da babban wanmu. Mun san akwai gidaje a zangunanmu, tun daga Nima har Tamale, da ke da irin tagogin da za mu yi magana a kansu, shi ya sa muka ga bai kamata mu bar abin a cikinmu ba.

Gidanmu gidan gado ne, ɗaki 12 kewaye da tsakar gida, wasu mu 'ya'yan gida muke ciki, wasu kuwa 'yan haya. Lokacin da marigayi Baba ya gina shi, tagogin katakon odum ya sa, kowace da ƙyaure biyu da 'yar sakata. Idan sakata ta cire ko katako ya kumbura da damina, sai a aiki yaro wurin kafintocin Anloga, tun kafin a mai da su Sokoban, kafinta ya zo da gudumarsa, kafin a sauke tukunyar rana an gama aiki. Daga baya muka bi yayi muka sa luba, mai gilasai jere da juna, ita ma kuwa ko gilashi ne ya fashe ko hannunta ne ya karye, akwai shi a kowane shagon kayan gini. Duk tsawon shekarun nan ba mu taɓa zama mun yi shawara a kan taga ba.

A 2016 ne Yaya, wanda ke zaune a Hambug ta ƙasar Jamus tun 1998, ya aiko da kwantena ta tashar jiragen ruwa ta Tema. Kun dai san irin kayan da boga ke aikowa: firji, katifu, kekuna, tukwane. To a cikin kayan har da tagogi 6 farare tas, masu firam na roba mai tauri da ake kira uPVC, kowace da gilashi biyu haɗe. Ya ce wani tsohon gida ake sabuntawa a can aka cire su, ya ga da sauransu, ya saya domin Mma. Ya ce a Jamus aka fara ƙera irinsu tun cikin shekarun 1950, gara ba ta cin su, ba sa tsatsa, ba sa neman fenti, kuma idan an rufe ko ƙarar masu niƙa ba za a ji sosai ba. Gaskiya ya faɗa. Sai da magini ya fasa bango ya faɗaɗa ramuka kafin suka zauna, amma da suka zauna, har daga layin baya mutane suka riƙa zuwa kallo. Biyu aka sa a falon Yaya, ɗaya a ɗakin Mma, biyu a ɗakunanmu, ta shida kuwa da ta rasa wuri aka liƙa ta a ɗakin ajiya.

Abin da ya fi ba kowa mamaki shi ne mariƙin. Guda ɗaya ne, amma aiki uku yake yi. Idan ya kalli ƙasa, taga a kulle take. Idan aka ɗaga shi ya kwanta a gicciye, taga ta buɗe zuwa cikin ɗaki kamar ƙofa. Idan kuma aka rufe ta aka juya shi ya kalli sama, sai kanta kaɗai ya karkato ciki kaɗan, iska ta shiga, ruwan sama bai shiga ba. Wannan na ukun shi Mma ta fi so, domin tana da ciwon fuka, ba ta iya kwana a ɗakin da iska ba ta ratsawa, ga shi kuma ɓarayin waya masu zura sanda ta taga ba su da hanya.

Shekara 8 muna murɗa wannan mariƙi safe da yamma, ba wanda ya taɓa tambayar me yake juyawa a ciki. Kowane hunturu ƙura tana shiga, muna goge gilashi ya yi ƙyalli, muna barin ƙarafan da ke gefen ƙyauren. Da ya fara tauri sai muka ƙara ƙarfi. Da ya ƙara tauri wata ƙanwarmu ta ɗiga masa man ja, ya yi laushi na mako biyu, sa'an nan man ya haɗu da ƙura ya daskare kamar ƙaro. Jikoki kuma suna lilo da shi, suna murɗa shi alhali taga na buɗe. Har ya kai ana jin yana girgiɗi a hannu, kowa ya taɓa sai ya ce, "Ya kamata a duba abin nan," ya wuce abinsa.

Ranar da abin zai faru, cikin watan Maris na 2024, ana tsakiyar azumi. Wanda ke Kumasi a lokacin ya san irin zafin da aka yi, ga wuta ana ɗaukewa kusan kowane dare. Da la'asar hadari ya taso da iska, Mma ta sa wani jikanta ya kulle taga. Hadarin ya watse ba a yi ruwa ba. Bayan an sha ruwa ta ce a buɗe, yaron ya kama mariƙi ya ƙi motsi, ya sa hannu biyu ya danna da iyakar ƙarfinsa, sai ji muka yi ƙas! Mariƙi ya karye daga wuya, ya bar ɗan guntu a jikin taga, ita kuwa tana kulle gam.

Muka ɗauko filaya muka kama guntun, ya marmashe, domin irin ƙarfen zubi ne mai gautsi. Muka duba ko'ina muna neman notin da za a kwance, ba mu ga ko ɗaya ba. Gindin mariƙin sumul yake kamar tare da tagar aka halicce shi. Daren nan Mma ta kwana ƙofa a buɗe, sauro ya yi biki. Kashegari muka roƙe ta ta koma ɗakin ɗayanmu, ta ce ɗakin da ta shekara 50 a ciki, inda ta haife mu duka, ba mariƙin taga ne zai fitar da ita ba. A dare na huɗu fukar ta tashi, muka fito da ita baranda muna yi mata fifita har sahur. Daga ranar a baranda take kwana cikin gidan sauro, tsohuwa mai shekara 70 da ɗoriya, 'yan haya suna wucewa ta gabanta zuwa bayan gida.

A nan ne fa maganganun da ke kwance suka tashi. Muka zauna a tsakar gida, ɗaya ya ce a fasa gilashin kowa ya huta. Wani ya ce a kira magini ya ɓalle tagar gaba ɗaya a mai da luba, tun da dai kayan aro ba ya rufe katara. Wata ta ce wanda ya kawo abinsa shi ya san maganinsa, a buga wa Yaya waya. Nan take sauran muka ce a'a. Dalilinmu kuwa, wanda ba wanda ya furta shi a fili, shi ne a zuwansa na ƙarshe ya ga famfon tsakar gida yana zuba, ya ce mana, "Ni ina can cikin sanyi ina tara muku, ku ko riƙewa ba ku iya ba." Maganar ta yi mana ciwo, domin mu ne ke kai Mma asibiti, mu ne ke biyan kuɗin wuta da na ruwa, mu ne ke fama da 'yan haya. Muka ga idan muka ce masa mun karya tagar Mma, mun ba shi sandar dukanmu da hannunmu. Saboda haka duk lokacin da ya bugo waya sai mu ce lafiya lau, Mma ma muka roƙe ta kada ta faɗa. Ta dube mu kawai ba ta ce kome ba.

Muka sa karyayyen mariƙi a aljihu muka shiga gari. Mun zaga Kejetia, mun bi shagunan kayan gini na Adum ɗaya bayan ɗaya. Masu shago suna juya shi a hannu, su kawo na ƙofa, su kawo na tagar alminiyam mai turawa, su ce ai duk ɗaya ne. Har muka sayi na ƙofa guda, muka kawo gida, muka rasa ma ta inda za mu fara gwada shi, tun da gindin tsohon yana nan manne. Muka hau torotoro zuwa Magazin ta Suame, inda ake cewa babu ƙarfen da ya gagara. Wani mai walda ya duba ya ce wannan ƙarfe ba ya karɓar walda, narkewa zai yi. Shi ne dai ya yi mana kwatancen wani mai aikin gilashi da ya taɓa aiki da masu haɗa irin waɗannan tagogi a Ankara.

Ranar kwana na 11 mutumin ya zo da 'yar jakarsa. Ya gaida Mma, ya tsaya gaban taga, ya sa yatsu biyu ya kama farantin robar da ke gindin mariƙin, ya ɗan jawo shi, ya juya shi a gicciye. Sai ga noti biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, suna kallonmu. Muka dubi juna. Babbanmu na gida ya ce, "Masta, shi ke nan?" Ya ce, "Shi ke nan, Alhaji. Marfi ne kawai." Ya sa sukundireba ya kwance su, ya zaro gindin, sai ga wata 'yar sandar ƙarfe mai kusurwa huɗu ta biyo shi.

Ya ce mu matso mu gani, domin ba kullum za mu same shi ba. Wannan sanda ita ce ke shiga cikin wani ɗan akwatin giya da ke ɓoye a cikin ƙyauren, giyar kuma ita ke tura dogon ƙarfen da ya bi gefen taga, mai ɗauke da 'yan haƙoran da ke shiga mazauninsu a jikin firam su kulle. Kaurin sandar milimita 7 ne kowane gefe. Na mariƙin ƙofa da muka saya kuwa milimita 8 ne, don haka ko da mun iya cire tsohon, ba zai shiga ba. Tsakanin ramukan noti biyun milimita 43 ne. Ya ce waɗannan awo biyu kusan duk irin tagogin nan na Turai sun yi tarayya a kansu, abin da ke bambanta shi ne tsawon sandar, wato daga gindin mariƙi zuwa bakinta. Ya aza rula ya auna tamu, milimita 35. Idan sabuwa ta fi tsawo ana iya rage ta da zarton ƙarfe a goge bakin da magagari. Idan ta gaza kuwa ba ta da amfani, domin bakin giya kawai za ta kama ta cinye shi. Ya kuma nuna mana wasu 'yan ƙululu biyu a bayan gindin, kewaye da ramukan noti, waɗanda ke zama cikin ramin firam, ya ce su ma a auna kaurinsu, yawanci milimita 10 ne, wasu 12.

Sa'an nan ya tambaye mu, "Irin tagar nan guda nawa ce a gidan?" Muka ce 6. Ya ce, "Akwai wadda ba a buɗewa?" Sai a lokacin muka tuna da ta ɗakin ajiya, wadda buhunan gawayi suka tare tun shekarar da aka sa ta. Kwana 11 muna yawon Kumasi, ashe abin da muke nema yana bayan gawayinmu, sabo ful, ko sau goma ba a murɗa shi ba.

Ya ciro shi ya kawo. Ya ce a lura, yadda giya take haka za a sa mariƙi: tun da tagar Mma a kulle take, sai ya zura shi yana kallon ƙasa. Bai ɗaura noti ba tukuna. Ya sa ɗayanmu ya danna ƙyauren ciki da tafin hannu, ya kuma ɗan tallafe shi sama, shi kuwa yana murɗawa a hankali, har muka ji ta saki. Taga ta buɗe, iska ta shigo ta ɗaga labule. Mma tana zaune bakin gado ta ce, "Alhamdu lillahi." Da mariƙin ya kwanta a gicciye sai ya ɗaura notin biyu, ya ce a ɗaure su su kama amma kada a matse da ƙarfin tsiya, ya mai da marfin mazauninsa. Ya ƙara da cewa ranar da za mu canza na tagar da ke lafiya, mu fara buɗe ta mu bar mariƙin a gicciye, a haka notin biyu suka fi sauƙin kaiwa.

Mun ɗauka aiki ya ƙare, har an kawo masa ruwa. Ya ce saura babban, domin mariƙi ba ya karyewa haka kawai, kuma idan aka bar abin da ya karya na farko, na biyun ma ba zai kai hunturu ba. Ya nuna mana gefen ƙyauren, inda man ja da ƙura suka zama dutse. Ya kankare, ya goge da tsumma da ɗan kananzir, ya bari ya bushe, ya ɗiga man keken ɗinki a kan kowane haƙori da kowane wurin da ƙarfe ke gugar ƙarfe. Ya ce man girki kowane iri ne, na ja ko na gyaɗa ko na kaɗanya, daskarewa yake yi, kada a sake. Ya nuna mana inda ƙasan ƙyauren ke gugar firam, ya ce nauyin gilashi biyu ne ya sa ya ɗan sunkuya, shi ya sa haƙoran ba sa samun mazauninsu sai an tilasta. Ya ɗauko ɗan makullin nan mai kusurwa shida da makanikai ke kira alanki, mai milimita 4, ya cire marfin maratayin ƙasa, ya juya kaɗan, ƙyaure ya ɗaga ya daidaita. Ya kuma nuna mana wani ɗan harshen ƙarfe a gefe, wanda aikinsa shi ne ya hana mariƙi juyawa idan taga na buɗe, ya ce duk yaron da ya murɗa da ƙarfi a wannan hali, da wannan harshe yake kokawa. Bayan ya gama, da ɗan yatsa ɗaya Mma ta buɗe tagarta ta rufe. Ya ce mun yi sa'a giyar ba ta fashe ba, da ita ce ta tafi da sai mun nemi irinta sak, wannan kuwa wata doguwar tafiya ce.

Daren nan Mma ta kwana a ɗakinta. Da asuba ta kira mu ta ce, "To, ku buga wa ɗan'uwanku. Ni na gaji da rufa muku asiri a kan abin da ba asiri ba." Muka buga. Muka faɗa masa kome, har kwanan baranda. Ya yi shiru har muka ɗauka layi ne ya yanke. Da ya yi magana muryarsa na rawa, ya ce, "Kwana 11 Mma na waje, ina bugowa kuna ce mini lafiya lau? Abin da ke rataye a kowane shagon kayan gini a nan, wanda da kun ɗauki hoto kun turo mini a minti ɗaya zan gaya muku yadda ake juya marfin?" Babbanmu ya ce, "Yaya, tsoron bakinka muka ji." Ya sake yin shiru. Daga nan ya ce maganar famfo ce ko? Muka ce ita ce. Ya ce bai san ta zauna mana haka ba, shi ma ranar haushin kansa yake ji, domin ya ga Mma ta tsufa a bayan idonsa. Ya ce laifinsa ne da ya aiko da tagogi bai aiko da ko mariƙi ɗaya na ajiya ba, bai kuma zauna ya nuna wa kowa yadda ake kula da su ba. Muka ce namu laifin ya fi, tun da shekara guda abin yana girgiɗi a hannunmu. Ba mu taɓa yin irin wannan magana da shi ba tun rasuwar Baba.

Muka aza tsohuwar sandar a kan rula muka ɗauki hoto muka tura masa. Bayan sallah wani ɗan unguwarmu da ke dawowa daga can ya kawo mana guda 6 a cikin jakarsa, kowane da notinsa. Muka mayar wa tagar ɗakin ajiya nata da hannunmu, ba mu kira kowa ba, aikin bai kai minti 10 ba.

Tun daga lokacin muke ta tunanin abin. Sunan unguwanninmu zango, wato inda ayari ke sauka ya kwana ya tashi. Kakanninmu fataken goro ne, da yawansu sun gangaro kudu ne bayan yaƙin Salaga na 1892. Iyayenmu kuma sun ga 1969, lokacin da gwamnatin Busiya ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, maƙwabta suka sayar da gidaje a wulaƙance suka hau mota. Wataƙila shi ya sa muka tashi muka tarar ana zama a gida kamar gobe za a ɗaura kaya, abin da ya lalace a ɗaure shi da tsumma a ce kafin a ga yadda hali zai yi. Amma mu a nan aka haife mu, a nan aka binne Baba, jikokin Mma da Hausa da Turanci da Asantanci suke wasa a tsakar gida. Gidan da mutum zai mutu a cikinsa ya cancanci a ɗiga wa tagarsa mai. Kuma a gidan gado kowa yana da ɗaki, amma famfo da kwata da rufi da taga ba su da mai su, sai ranar da suka lalace a fara neman wanda za a ɗora wa. Yanzu mun yanka cewa kowace shekara idan hunturu ya wuce, mutum ɗaya zai bi tagogin 6 da tsumma da man keke, ya taɓa kowane noti, kuma mun rubuta sunaye bi da bi mun manna a bayan ƙofar zaure.

Ga 'yan'uwa da ke da irin waɗannan tagogi, abin da muka koya ke nan. Idan mariƙi ya fara girgiɗi, a juya marfin a ɗaure noti tun bai yi nisa ba. Idan ya fara tauri, a tsaya a nemi dalili, kada a ƙara ƙarfi. Idan ya karye, kada a yar da gindinsa, shi ne ma'aunin da za a sayi sabo da shi. Mai aikin ya gaya mana akwai wasu da ake kawowa daga Ingila masu buɗewa waje: wasunsu sandarsu ɗaya da tamu sai dai tsawo, wasu kuwa tsofaffi ba su da sanda sam, wani ɗan hanci ne da su da ke hawa kan firam, su kuma tsayin hancin ake aunawa, a kuma lura ko na dama ne ko na hagu. Ku kuma 'yan'uwanmu na Turai da Amurka, Allah ya saka muku da alheri, amma idan za ku cika kwantena, ku jefa 'yan kayan gyara a ciki, ku kuma sassauta harshe idan an ce abu ya lalace, domin wanda ke tsoron faɗa ba ya kawo rahoto da wuri.

Sauran mariƙai 5 suna wurin Mma. Ta naɗe su a tsohon ɗankwali ta sa cikin kwallarta, ƙarƙashin turamen zannuwa, tare da takardun gida. Ta ce duk mai so ya zo ya tambaye ta, ya kuma zo da bayanin yadda aka yi na jikin taga ya karye.

Sai wani watan idan Allah ya kai mu. Mu huta lafiya.